Bitil ko Yaris: shawarar da na ba ɗan 'yar'uwata

Ɗan 'yar'uwata ya same ni a zaure bayan La'asar, waya a hannu, fuska cike da fara'a. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya miƙo mini hoto. Volkswagen Beetle ce, wato Bitil, ruwan madara, an ajiye ta a gindin darbejiya, tayoyin duk sun sace, ganye ya taru a kan gilashi.

"Kawu, ka ga irin motar Malam. Mai ita ya ce injin lafiya lau, batir kawai za a sa. Kuɗin da na tara za su saye ta, in yi mata fenti, har in samu canji. Ko kuwa in ƙara haƙuri in cika in sayi Toyota Yaris ɗin nan da muka gani?"

Malam ɗin da yake nufi mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Malamin makaranta ne, ya sayi Bitil ɗinsa da bashin mota a shekarun da ma'aikata suka sami ƙarin albashin Udoji, lokacin da masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas, wadda ta fara aiki a 1975, take harhaɗa su a ƙasar nan. A cikinta na koyi tuƙi. Don haka ba zan ɓoye ba, zuciyata tana wajen Bitil. Amma yaron nan yana da mata da 'ya mace 'yar shekara biyu, kuma mota ɗaya tak yake da halin saya. Abin da na gaya masa ranar, da abin da muka gani daga baya, shi nake so in rubuta, don na san akwai masu irin wannan tunanin, musamman yanzu da kuɗin mota ya fi ƙarfin matasa.

A fara ba Bitil haƙƙinta. Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus a shekarun 1930, aka ci gaba da ƙera ta har ranar 30 ga Yuli, 2003, da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko. An ƙera sama da miliyan 21 da rabi. Motar da aka yi fiye da shekara sittin ana ƙera ta a kan fasali ɗaya ba a banza ta kai haka ba. Yarbawa suna ce mata Ijapa, wato kunkuru, kuma sunan ya dace da ita ta fuska biyu: ga ƙoƙon baya, ga tafiya sannu amma a isa.

Sirrinta sauƙi ne. Injin yana baya, silinda huɗu a kwance, biyu suna fuskantar biyu. Babu lagireto, babu ruwa, babu tiyon da zai fashe. Iska ce ke sanyaya shi, fanka tana hura ta a kan silindoji. Kafireto ɗaya, koyil ɗaya, distiributa ɗaya. Duk abin da ke sa motar tafiya kana iya nuna shi da yatsa idan ka ɗaga murfin baya. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe injin da giya, makaniken da ya san aikinsa zai sauke shi ƙasa kafin ka gama cin abincin rana.

Ina tuna wata tafiya Zariya, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, sai jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Malam bai ƙara ko taku ɗaya ba, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Fanbel ne ya tsinke. A Bitil bel ɗaya ne ke juya janareto da fanka tare, saboda haka in ya tsinke ka ci gaba da tafiya, cikin 'yan mintoci ka ƙone injin. Ya buɗe gaba ya ɗauko sabon bel da ba ya rabo da shi, ya sa sukundireba ya tokare fulin, ya kwance noti, ya raba fulin gida biyu. Tsakaninsu akwai wasu siraran wasa-wasa na ƙarfe, da su ake saita taurin bel: ka rage su ya yi tauri, ka ƙara ya yi sako-sako. Ya ƙirga su a tafin hannuna, ya mayar, ya danna bel da babban yatsa ya ji yadda yake lotsawa, ya ce in shiga. Ko rabin awa ba mu yi ba. Malamin makaranta ne, ba makanike ba, da babbar riga a jikinsa.

Wannan shi ne abin da Yaris ba za ta taɓa ba ka ba. In ta tsaya maka a hanya, galibi sai dai ka kira waya. Mai yana shiga injinta ta nozul ne da umarnin kwamfuta, wadda makanikai ke kira birin-bokis, ita kuma tana sauraron na'urori masu auna iska da zafi da hayaƙi. Fitilar injin in ta kama, sai an jona na'ura an karanto abin da ke damunta. Amma gaskiyar da masoya tsohuwar mota ba sa son faɗa ita ce, Yaris mai lafiya ba ta cika tsayawa ba. Toyota ta fara fitar da ita a 1999, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 2000, kuma injinanta, daga ƙaramin mai lita 1.0 da silinda uku zuwa mai 1.3 da mai 1.5, sarƙa ce ke juya musu taimin, ba bel ba. Ka ba ta baƙin mai mai kyau a kan lokaci, ka bar ta. Bitil tana da sauƙin gyara, amma tana yawan neman gyaran. Lita biyu da rabi kacal na baƙin mai take ɗauka, kuma ba ta da filtar mai irin ta motocin yanzu, wata 'yar rariya ce kawai a ƙasan injin. Shi ya sa duk kilomita 5,000 sai an juye mai, an wanke rariya, an saita tafet a kan milimita 0.15 injin yana sanyi, an duba kwantak da fulogi. Malam yana yin wannan da safiyar Asabar, kuma yana jin daɗinsa. Ɗan 'yar'uwata yana fita aiki ƙarfe bakwai ya dawo bayan Magariba, Asabar ɗin ma ba tasa ba ce.

Sai batun zafi, wanda a wajenmu ba ƙaramin batu ba ne. Mutane suna cewa Bitil ba ta zafi tunda ba ta da ruwa. Tana yi, ba ta dai tafasa ne ka gani. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, iskar da fanka ke hurawa ita kanta mai zafi ce, kuma a cikin gosulo fankar tana juyawa ne a hankali daidai da injin. Kano ta zamanin Malam ba ta san cunkoson A Daidaita Sahu na yau ba. Ƙari a kan haka, injin yana kewaye da wasu faranti na gwangwani da wata roba da ke raba iskar sama mai sanyi da ta ƙasa mai zafi. Yawancin tsofaffin Bitil da za ka gani yanzu an zubar da rabin farantan nan, don wani ya ga kamar ado ne. In babu su, injin yana shaƙar zafin kansa ne, kuma silinda ta uku ce ta saba fara ba da kai. Ƙurar hunturu in ta haɗu da yoyon mai ta toshe tsagogin silinda, abin ya ƙara muni. Kai kuma da ke ciki, ba ka da abin sanyaya jiki sai ɗan gilashin nan mai kusurwa uku da ake karkatawa. Yaris tana da AC. Wanda ya taɓa ɗaukar jaririya da rana tsaka daga asibiti ya san wannan ba alatu ba ne.

Akwai wani haɗari kuma da duk mai Bitil ya sani: gobara. Tiyon fetur yana ratsawa ta kan injin mai zafi kusa da koyil da wayoyin fulogi. Roba in ta tsufa ta tsage, shi ke nan. Batir kuma yana ƙarƙashin kujerar baya, in babu murfi a kansa, mutum mai nauyi ya zauna, wayoyin kujera su taɓa kawunan batir, tartsatsi ya tashi. Duka biyun ana maganinsu da kuɗi kaɗan, sai dai dole ka san da su.

Duk wannan da na lissafa, da su kaɗai ne, da na ce masa ya bi son ransa. Abin da ya yanke mini hukunci daban ne.

Muna da wata magana da muke yawan yi, wai motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani. Mukan ga sabuwar mota ta yi karo gabanta ya lotse kamar an taka gwangwanin madara, sai mu ce ka gani, da tsohuwa ce ko kwarzane ba za ta yi ba. Wannan fahimtar a juye take, kuma ta ci rayuka. Ƙarfin karo dole ya tafi wani wuri. In gaban mota bai lanƙwashe ya shanye shi ba, jikin wanda ke ciki ne zai shanye. Injiniyan Mercedes, Béla Barényi, shi ya yi rajistar wannan dabara a farkon shekarun 1950: a bar gaba da baya su murƙushe da gangan, a ƙarfafa ɗakin da mutane ke zaune kada ya motsa. A 2009 wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009, gaba da gaba. Tsohuwar, duk girmanta da ƙarfenta, ɗakinta ya rufta a kan mutum-mutumin da aka zaunar a mazaunin direba. Ɗakin sabuwar ya tsaya yadda yake. Bidiyon yana nan a intanet, na sa yaron ya kalla a gabana.

To Bitil ba ta ma kai Bel Air jiki ba, nauyinta wajen kilo 800 ne. A gabanka babu injin, abin da ke akwai shi ne safayar taya da tankin fetur na kusan lita 40, a saman ƙafafunka. Gilashin gaba yana dab da fuskarka. Ƙofofin sirara ne, babu sandar ƙarfe a cikinsu. Waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 sandar sitiyarinsu ba ta lanƙwashewa, in aka yi karo ƙirjin direba take nufa. Birki a yawancinsu na ganga ne, babu ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa, in ka taka da ƙarfi a kan kwalta mai yashi tayoyi su kulle mota ta tafi inda ta ga dama. Nauyin da ke baya yana sa gindinta saurin kwacewa a kwana, kuma in tirela ta wuce ka a guje sai ka ji iska ta ture gaban. Bel ɗin kujera, in ma akwai, ya shekara arba'in yana shan rana. Babu inda za ka ɗaure kujerar yara da kyau.

Yaris ta 2011 ta sami taurari biyar a gwajin karo na Turai. Tana da ABS, samfuran Turai suna da jakunkunan iska har bakwai, akwai maƙalan kujerar yara a baya, kuma tun daga Nuwamban 2014 doka ta wajabta wa duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai na'urar da ke hana mota kwacewa. Ita ma ƙaramar mota ce, in ta haɗu da tanka ba abin da zai hana ƙaddara. Amma a irin karon da aka fi yi, na cikin gari da na kan hanya da madaidaicin gudu, bambancin da ke tsakaninsu shi ne wani ya fito yana duba motarsa, wani a ɗauke shi. Rai a hannun Allah yake, kuma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Ga ƙarfin injin ma akwai batun tsira. Bitil 1200 tana da ƙarfin doki 34, mai 1500 tana da 44, mai 1600 tana da 50. Yaris mai 1.3 tana da kusan 100. Ba don gudu na kawo wannan ba. Wuce doguwar mota a hanya mai hannu ɗaya da ƙarfin doki 40 da mutum huɗu a ciki, daɗewa ne a hannun da ba naka ba.

Sai dai a nan dole in ja kunne, don duk fifikon nan na Yaris yana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya: a ce abin da masana'anta ta sa yana nan. Yawancin waɗanda ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, wasu an yi haɗari da su a can, aka sayar da su a gwanjo, aka kawo aka buge aka fesa fenti. Jakar iska in ta fashe sau ɗaya ta gama aiki, sabuwa kuma da tsada, sai a liƙe murfin sitiyari a bar ciki wayam. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilar jakar iska dole ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan. In sai da ka tayar sannan ta mutu a daidai lokacin da fitilar mai ta mutu, mai yiwuwa an haɗa wayoyinsu ne don a rufe ido. Ka duba lambar shasi mai harafi da lamba 17 a intanet ka ga tarihinta, har da ko tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakunkunan iska masu lahani na kamfanin Takata, don wasu Yaris na ciki. Ka ɗaga kafet ka shinshina, motar da ambaliya ta ci ba ta rabuwa da wari da ciwon waya. Ka leƙa salansa ka ga ko an cire abin da makanikai ke kira indomi, wato na'urar da ke tace hayaƙi. Sannan ka yi hattara da Vitz, wato sunan da ake sayar da Yaris da shi a Japan kafin 2020. Sitiyarinta na dama ne, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, saboda haka sai an mayar da shi hagu. Juyin da aka yi da walda a gareji ya taɓa sitiyari da birki da wayoyi, abubuwa ukun da ranka ya rataya a kansu. Ni ba zan sa iyalina a ciki ba.

Giya ma a lura. Wasu samfuran Turai na tsakanin 2006 da 2011 suna da wata giya da ake kira MMT, rabi hannu rabi otomatik, tana da wahalar sha'ani kuma masu gyaranta kaɗan ne. Masu CVT kuma, wato wani nau'in giyar otomatik, mai nasu daban ne, in aka zuba musu man giya na gama-gari an kashe su. Mai giyar hannu ta fi kwanciyar hankali. Kuma a roƙi makanike kada ya cire tamostat, kada ya haɗa fanka kai-tsaye, kada ya zuba ruwan rijiya a lagireto, kada ya ba ta baƙin mai mai kauri irin na tsofaffin motoci. Yawancin Yaris da suka mutu a hannunmu, irin wannan taimakon ne ya kashe su.

Fetur kuwa lissafinsa a fili yake. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya koma ƙirga lita. Bitil mai lafiya tana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita 100, wadda kafiretonta ya gaji ta fi haka. Yaris tana shan wajen 6. In kana yin kilomita 30 a rana, wato 900 a wata, bambancin a matsakaici ya kai lita 27 duk wata, sama da lita 300 a shekara. Ka buga da farashin gidan man unguwarku. Canjin da yaron yake murnar zai samu, a nan zai zube.

Wani abin mamaki, Bitil ta fi Yaris tsawo, ta ɗan haura mita 4, Yaris mai ƙofa biyar ba ta kai ba. Amma Yaris ta fi faɗi, kuma cikinta ya fi yalwa nesa ba kusa ba. Bitil ƙofa biyu gare ta. Na tambaye shi, yaya Hajiya za ta shiga baya da ciwon gwiwa ranar da za ka kai ta asibiti? Ya yi shiru.

Inda Bitil ta yi wa Yaris fintinkau shi ne hanyar ƙauye. Manyan tayoyi, shafaffen ciki, nauyi a kan tayoyin da ke turawa: tana ratsa yashi da laka inda Yaris za ta kafe ko ta bar bamba a hanya. Gurɓataccen mai ma ta fi jure shi, a wanke kafireto a ci gaba, alhali Yaris sai an taɓa famfon mai da nozul. Amma kayan gyara sun juya mata baya. Na Yaris kana shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka samu, sabo da na hannu. Na Bitil har yanzu ana ƙera su a waje, kusan komai nata akwai, sai dai oda za ka yi da dala ka jira makonni. Makanikan da suka san ta kuma sun manyanta, yaransu sun koma kan Toyota da Honda. Wanda ke gyara ta Malam yana nan da rai, amma idonsa ya yi rauni, sai dai ya zauna ya ba da umarni.

Don haka na ce masa: "In mota ɗaya za ka mallaka, kuma ita za ta kai ka aiki, ta kai matarka awo, ta kai 'yarka makaranta, ka ƙara haƙuri ka sayi Yaris, ko wata sa'arta irin Picanto ko i10, wadda aka duba da kyau. Bitil ta wanda yake da wata motar ce, yana da inuwar ajiye ta, yana da lokaci, kuma hannunsa ba ya ƙyamar baƙin mai. Ya fita da ita da yamma ko ranar Juma'a, a cikin gari, a hankali."

Ya ce, "Kawu, to mu je dai mu gan ta, ko don raina ya kwanta."

Muka je ranar Lahadi. Na ɗaga kujerar baya, wurin da batir ke zama ruwan batir ya cinye shi, ana hango ƙasa ta ramin. Na buɗe injin, farantai uku babu, tiyon fetur ya bushe har yana farfashewa a hannu. Na kama fulin na jijjiga shi gaba da baya, yana wasa sosai, alamar sai an buɗe injin gaba ɗaya. Amma bodinta bai ruɓe ba, motar Arewa ce, ba ta sha iskar teku ba, gilasanta duka na asali ne, kuma takardunta sun cika. Da na rufe ƙofar sai ta ba da irin sautin nan mai nauyi na motar da iska ba ta fita, wanda ya sa Malam yake ce mana mu ɗan sauke gilashi kafin mu rufe.

Yaris ɗin da ya gani tun farko ma mun koma mun duba. Na murɗa makulli sau uku, fitilar jakar iska ba ta kama ba ko sau ɗaya. Muka yi wa mai ita godiya muka tafi. Yanzu yana cika kuɗinsa, muna neman mai giyar hannu wadda ba a taɓa gabanta ba, ya ce ko zuwa bayan Sallah ne zai jira.

Bitil ɗin kuwa, na koma ni kaɗai bayan kwana biyu muka yi ciniki. Akwai rumfa a bayan gidana da ba a komai da ita. Na je na gaya wa tsohon makaniken Malam, ya tambaye ni ko 1300 ce ko 1500, na ce 1500. Ya ce in fara yin odar farantan da tiyon mai, in an jawo ta in aiko a ɗauke shi.